Yadda Ake Hasashen Nasarar Maganin HIV na Sahu na Biyu Bayan na Farko Ya Gaza

Idan sakamakon gwaji ya dawo, aka ga ƙwayar cutar HIV ta yi yawa a jinin mutumin da ya daɗe yana shan magani, abin da ke fara zuwa zuciyar ma'aikacin lafiya shi ne wane magani za a sauya masa. Akwai tambayar da ta riga wannan: me ya kayar da maganin farko? Amsarta ce ke nuna ko na biyun zai yi aiki, domin abin da ya kayar da na farko, in ba a gano shi an kawar ba, yana nan yana jiran na biyu. Wannan jagora ta likitoci ce da ma'aikatan jinya da masu ba da magani da masu ba da shawara. Majiyyacin da ya karanta zai fahimci dalilin tambayoyin da ake yi masa, amma sauya magani hukunci ne na asibiti, ba a yin sa a gida.

Mataki na farko: a tabbatar maganin ya gaza da gaske

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ana cewa magani ya gaza idan mutum ya yi aƙalla wata 6 yana sha, aka auna yawan ƙwayar cuta aka samu sama da 1,000 a kowace mililita ta jini, aka taimaka masa ya gyara shan magani, sannan bayan wata 3 aka sake aunawa aka tarar har yanzu tana sama da 1,000. Wanda aka samu 50 ko ƙasa da haka, cutar ta kwanta. Tsakanin 50 da 1,000 kuwa, ba a sauya magani. Ana ƙarfafa masa gwiwa kan shan magani, a sake gwaji bayan wata 3. Akwai togaciya guda: wanda yake kan efavirenz ko nevirapine, jagorar hukumar ta 2021 ta ba da damar a mayar da shi kan haɗin da ke da dolutegravir bayan sakamako ɗaya tak da ya haura 1,000, saboda a irin wannan haɗin yawanci ƙwayar ta riga ta bijire wa maganin, wato ya daina yi mata aiki, jiran wata 3 ƙarin lokaci ne kawai ake ba ta.

Kafin a gaskata lambar da ke kan takarda, a duba yadda aka samo ta. Shin sunan da lambar majiyyacin sun dace da na kwalbar jinin? An raba ruwan jini da ƙwayoyinsa a kan lokaci, ko jinin ya kwana a kan tebur cikin zafi? Idan ɗigon jini aka busar a kan takarda, a sani cewa irin wannan gwajin ba ya tantance ƙananan lambobi sosai, kuma yakan iya nuna lamba sama da ta gaskiya, domin yana haɗawa da ƙwayar da ke ɓoye cikin ƙwayoyin jini. Zazzaɓi mai zafi ko allurar rigakafi da aka yi kwanan nan na iya ɗaga lambar na ɗan lokaci ta sake sauka. Bambancin da bai kai ninki uku ba tsakanin gwaji biyu, misali daga 4,000 zuwa 7,000, ba ya nuna komai, kuskuren na'ura ma na iya kawo shi.

Kada a dogara da faɗuwar ƙwayoyin garkuwar jiki na CD4 ko ramewar majiyyaci kawai. Waɗannan alamu sukan zo a makare, kuma sukan zo ga wanda cutarsa a kwance take amma tarin fuka ko wani ciwo ke cin sa. Wani abin da ake mantawa: nau'in HIV-2, wanda ya fi yawa a Afirka ta Yamma, tun asali efavirenz da nevirapine ba sa taɓa shi, kuma na'urorin da aka tsara domin HIV-1 ba sa auna shi yadda ya kamata. Mutumin da CD4 ɗinsa ke ta sauka alhali gwaji na cewa ba a ga ƙwayar ba, a binciki wane nau'i yake ɗauke da shi.

Mataki na biyu: a tattara tarihin duk maganin da ya taɓa shiga jikinsa

Ƙwayar HIV ba ta mantuwa. Duk sauyin halittar da ta yi domin bijire wa wani magani yana nan a ajiye cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ko da an daina wannan maganin shekara goma, kuma ranar da aka dawo da shi sauyin zai sake fitowa. Saboda haka takardar da ke nuna maganin da yake sha yanzu kawai ba ta wadatar ba.

A tambayi shekarar da ya fara, da kamannin ƙwayoyin da ya sha in bai san sunansu ba, da ko sau ɗaya ko sau biyu yake sha a rana. Wanda ya fara a zamanin stavudine ko zidovudine tare da nevirapine, ya kuma jima cutar ba ta kwanta ba, akwai yiwuwar ya tara sauye-sauyen da ke raunana kusan duk magungunan dangin stavudine da zidovudine, har da tenofovir. Mace a tambaye ta abin da aka ba ta lokacin ciki ko naƙuda, domin ƙwayar nevirapine guda ɗaya da ake bayarwa a da ta isa ta bar bijirewa ga nevirapine da efavirenz. A tambayi ko ya taɓa shan maganin kariya kafin kamuwa, musamman allurar cabotegravir, wadda dangi ɗaya ce da dolutegravir. A kuma tambayi ko ya taɓa karɓar magani a wani asibiti da wani suna, tambayar da sai an yi ta cikin lalama ake samun amsarta.

Sai a ƙirga tsawon lokacin da ya yi a kan maganin da ya gaza. Idan gwajinsa na ƙarshe mai kyau wata 6 ne da suka wuce, ƙwayar ba ta samu lokacin tara sauye-sauye da yawa ba. Idan kuwa shekara uku ke nan ba a auna shi ba, a ɗauka ta yi nisa. Haɗin tenofovir da lamivudine da efavirenz idan ya gaza, abin da aka saba gani shi ne sauyin K103N mai kashe efavirenz, da M184V mai kashe lamivudine, sannan sau da yawa K65R mai raunana tenofovir. Haɗin da ke da dolutegravir kuwa, idan shi ne na farko da mutum ya taɓa sha, bijirewa gare shi ba ta cika faruwa ba. Mafi yawan masu lamba sama a kansa, maganin ne ba ya shiga jiki yadda ya kamata.

Mataki na uku: a auna shan magani, da hujja

A nan gizo ke saƙa. Cikin duk abubuwan da ake dubawa, babu wanda ya kai wannan nuna makomar sahu na biyu, kuma shi ne aka fi aunawa da sakaci. Idan aka ce wa majiyyaci "Kana shan maganinka kullum ko?", amsar "Eh" aka nema, ita kuma za a samu. Gara a ce: "Malam, kowa yakan manta wani lokaci. A cikin kwana bakwai da suka wuce, kwana nawa maganin ya wuce ka?" Ko a ce wa mace: "Hajiya, a wane lokaci ne shan maganin ya fi yi miki wuya?" Tambayar da ta riga ta amince cewa ana tsallakewa ita ke buɗe baki.

Bayan maganar baki, sai rajistar ɗakin magani. A ɗauki wata 6 na baya, wato kwana 180, a ƙirga na kwana nawa aka ba shi. Idan na kwana 150 ya karɓa, to ko ya shanye duka bai wuce kashi 83 cikin 100 ba. A lura da yadda giɓin yake, domin ba duk tsallakewa ce iri ɗaya ba. Wanda ke mantawa rana ɗaya a mako daban yake da wanda ke yanke magani gaba ɗaya na mako biyu ya dawo. Na biyun ya fi hatsari a kan efavirenz: sauran magungunan biyu suna fita daga jini da wuri, efavirenz kuwa yana daɗewa kwanaki har makonni, sai ya zama shi kaɗai ke fuskantar ƙwayar da ƙarfin da bai isa ba, alhali sauyi ɗaya tak take buƙata ta gama da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Jini ma yakan ba da shaida. Mai shan zidovudine da gaske, jajayen ƙwayoyin jininsa sukan ƙara girma, ana ganin haka a gwajin ƙidayar jini. Idan girmansu bai motsa ba bayan watanni, akwai alamar tambaya. Mai shan atazanavir sinadarin bilirubin yakan hau a jininsa, har idon wasu ya yi ɗorawa-ɗorawa ba tare da hantar ta lalace ba. A wasu wurare akwai gwajin fitsari mai nuna ko an sha tenofovir a 'yan kwanakin nan, sai dai wanda ya san ranar zuwansa asibiti ya sha kwana biyu kafin nan zai iya tsallake shi.

Daga nan sai a nemo dalili, domin "ba ya shan magani" ba dalili ba ne, sakamako ne. Mai ɓoye cutar ga matarsa ko mijinta ba zai iya shan magani a gaban iyali ba. Mai ciwon damuwa, da mai shan giya ko ƙwaya, da matashin da ya gaji da maganin da yake sha tun yana yaro, da mai aikin tafiye-tafiye, da wanda efavirenz ke sa shi jiri da munanan mafarkai, kowannensu gyaransa daban. Kuma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: a duba ko asibitin ne maganin ya yanke masa, ko layin ya yi tsawo har mutum ya fasa, ko wani ma'aikaci ya wulaƙanta shi ya daina zuwa. Ga yara, a duba nauyi. Yaron da ya ƙaru daga kilo 12 zuwa 21 amma ana ba shi adadin da aka rubuta masa tun farko, yana shan magani kullum amma bai ishe shi ba. Daga kilo 20 yaro yana komawa ƙwayar dolutegravir ta miligram 50.

Abin da ya kamata a rubuta a ƙarshen wannan mataki shi ne: an gano dalili ko ba a gano ba, kuma an kawar da shi ko yana nan. Wata ukun da ake bayarwa kafin gwaji na biyu gwajin hasashe ne da kansa. Wanda lambarsa ta faɗi daga 80,000 zuwa 1,500 ya nuna maganin na aiki idan ya shiga jiki. Wanda bai zo zaman shawara ko ɗaya ba, ya riga ya nuna yadda zai yi da sabon magani.

Mataki na huɗu: abin da ke hana maganin aiki ko an sha shi

A sa majiyyaci ya kawo duk abin da yake sha, na asibiti da na kanti da na gargajiya. Dolutegravir yana manne wa sinadaran ƙarfe da kalsiyam da magnesiyam da alminiyam a cikin hanji ya fita ba tare da ya shiga jini ba. Waɗannan suna cikin maganin ƙarin jini, da na ƙarin ƙarfin ƙashi, da ruwan maganin ƙwannafi. Ƙa'idar ita ce a sha dolutegravir awa 2 kafin su ko awa 6 bayansu; maganin ƙarin jini da na kalsiyam ana iya haɗa su da shi idan tare da abinci ne. Mata masu ciki sun fi faɗawa wannan tarko, tunda kusan kowacce ana ba ta maganin ƙarin jini.

Rifampicin na maganin tarin fuka yana sa hanta ta yi saurin narkar da dolutegravir, don haka ana ba da miligram 50 sau biyu a rana, a ci gaba har mako 2 bayan an gama rifampicin. Shi dai rifampicin ba a haɗa shi da atazanavir ko darunavir ko kaɗan. A danginsu, lopinavir ne kawai ake iya ninka adadinsa, tare da sa ido a kan hanta. Magungunan farfaɗiya irin carbamazepine da phenytoin da phenobarbital su ma suna rage dolutegravir. Atazanavir yana buƙatar tsamin ciki kafin ya narke, shi ya sa omeprazole da danginsa ke karya shi. Atazanavir da darunavir duka da abinci ake shan su. Gudawa mai tsawo da amai suna rage abin da ke shiga jini. Idan aka samu ɗaya daga waɗannan, labari ne mai daɗi, domin matsala ce da ake gyarawa a zama ɗaya, amma a tuna cewa watannin da maganin ya yi yana shiga da rauni sun ba ƙwayar damar bijirewa.

Mataki na biyar: gwajin bijirewa da yadda ake karanta shi

Inda ake da shi, gwajin yana karanta halittar ƙwayar ya lissafa sauye-sauyen da ta yi. Yana buƙatar yawan ƙwayar ya kai wajen 500 zuwa 1,000, kuma dole a ɗebi jinin mutum yana kan maganin, ko cikin mako 4 da dainawa. In an wuce haka, ƙwayar asali wadda ba ta da sauyi ta fi saurin hayayyafa, sai ta rufe masu sauyin, takarda ta fito fes alhali bijirewar na nan a ƙasa. Ana shigar da sauye-sauyen cikin rumbun bayanai na Jami'ar Stanford da ke Amurka, wanda kyauta ne a intanet, ya ba kowane magani daraja daga mai cikakken aiki zuwa wanda ƙwayar ta gama bijire masa. Wasu sukan ba mai cikakken aiki maki 1, mai rabin aiki rabin maki, marar aiki sifili, su tara makin haɗin da ake son bayarwa. Idan akwai tsofaffin gwaje-gwaje, a haɗa sauye-sauyensu duka da na yanzu.

Tsohuwar koyarwa ita ce haɗin da ya fi maki shi ya fi nasara. Bincike ya gyara wannan fahimta. A gwajin EARNEST, wanda aka yi da mutum sama da 1,200 a Yuganda da Zimbabuwe da Malawi da Kenya da Zambiya, an ba wani rukuni lopinavir tare da magunguna biyu na dangin tenofovir da lamivudine. Waɗanda takarda ta ce waɗannan biyun ba su da sauran aiki a jikinsu sun samu kwanciyar cuta daidai da sauran, har ma sun ɗara waɗanda takarda ta ce magungunan na da cikakken aiki. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ƙwaya ba ta tara sauye-sauye sai a jikin da magani ke shiga. Yawan bijirewa shaida ce cewa mutumin mai shan magani ne, maganin ne ya gaza masa. Wanda kuwa lambarsa ke sama amma takardarsa ta fito ba sauyi ko ɗaya, kusan tabbas ba ya sha, kuma sabon magani ba zai canza wannan ba. Takarda fes a hannun mai lamba 100,000 ta fi tayar da hankali a kan takarda mai M184V da K103N.

Akwai kuma dalili daga ita kanta ƙwayar. Sauyin M184V yana kare ta daga lamivudine amma yana rage mata ƙarfin hayayyafa, yana kuma mayar da ita mai rauni a gaban tenofovir da zidovudine. Shi ya sa ake barin lamivudine cikin haɗin ko an san ta bijire masa.

Gwajin DAWNING ya nuna cewa bayan efavirenz ko nevirapine sun gaza, dolutegravir ya fi lopinavir: kashi 84 cikin 100 sun samu kwanciyar cuta a mako na 48, a kan kashi 70. Gwajin NADIA, wanda aka wallafa a 2021 da mutum 464 a Yuganda da Kenya da Zimbabuwe, ya tafi gaba da haka. Mafi yawan mahalartansa suna da M184V, kusan rabinsu kuma suna da K65R, amma a mako na 48 wajen kashi 90 cikin 100 lambarsu ta sauka ƙasa da 400, ko da dolutegravir ko da darunavir. Ci gaba da tenofovir bai gaza komawa zidovudine ba, a mako na 96 ma ya fi shi, ga shi sau ɗaya ake sha a rana kuma ba ya shan jini. Sai dai akwai abin lura: mutum 9 a ɓangaren dolutegravir sun samu bijirewa gare shi zuwa mako na 96, a ɓangaren darunavir kuwa ba a samu ko ɗaya da ya bijire wa darunavir ba. Ma'ana, wanda abokan tafiyar dolutegravir suka raunana a jikinsa, zai yi nasara idan yana sha kullum, amma in ya koma tsallakewa dolutegravir ne zai tsaya shi kaɗai.

Inda gwajin bijirewa ya fi amfani a yau shi ne ga wanda ya gaza a kan dolutegravir ko a kan dangin lopinavir da atazanavir da darunavir, domin shi ke raba mai bijirewa ta gaske da wanda ba ya sha. A tabbatar an nemi a karanta ɓangaren da dolutegravir ke kai wa hari, saboda ba kowane ɗakin gwaji ke haɗa shi ba sai an nema. Sauye-sauyen da ake nema a nan su ne R263K da G118R da N155H da Q148.

Mataki na shida: halin da jikin yake ciki

A auna CD4 ga duk wanda magani ya gaza masa. Ƙasa da 200, ko ciwon da ya kai mataki na 3 ko na 4 a ma'aunin tsananin cuta na Hukumar Lafiya ta Duniya, yana nufin cutar ta yi nisa, kuma abin da ke barazana ga ransa a watannin farko cututtuka ne masu cin gajiyar raunin garkuwa. A bincika tarin fuka, har da gwajin fitsari inda ya dace. A yi gwajin jini na kiriftokokus, wata ƙwayar cuta mai haddasa sanƙarau, musamman in CD4 na ƙasa da 100. A ba da cotrimoxazole, maganin kariya daga wasu cikin waɗannan cututtuka. Idan aka samu sanƙarau na kiriftokokus, ana fara maganinsa a jinkirta sabon haɗin HIV mako 4 zuwa 6, domin garkuwar da ta farfaɗo da sauri na iya kumbura ƙwaƙwalwa ta yi kisa. Wanda CD4 ɗinsa ya faɗi ƙwarai ba shi da sararin dogon jira. A hanzarta hukunci a kansa.

Sai abubuwan da ke zaɓar magani. A lissafa aikin ƙoda: a cire shekaru daga 140, a ninka da nauyi a kilo, a raba da 72 sau kiriyatinin (sinadarin jini mai nuna aikin ƙoda) a miligram cikin desilita, ga mace a sake ninkawa da 0.85. Mace mai shekara 40, kilo 50, kiriyatinin 1.5, za ta fito wajen 39. Ƙasa da 50, tsohon nau'in tenofovir a adadinsa na kullum bai dace ba. A san cewa dolutegravir yakan ɗan ɗaga kiriyatinin a makonnin farko ba tare da ya taɓa ƙodar ba, sannan ya tsaya. Mai ƙarancin jini sosai, wanda himogulobin ɗinsa ke ƙasa da 8, ba a ba shi zidovudine. Mai ciwon hanta nau'in B ba a cire masa tenofovir ko an sauya sauran, domin cirewar na iya tayar da ciwon hantar da ƙarfi har ta gaza. Mai ciwon sukari da ke shan metformin, dolutegravir yana ƙara yawan metformin a jini, a taƙaita metformin ɗin zuwa miligram 1,000 a rana.

Mataki na bakwai: a haɗa hasashen

Idan aka jera abin da aka samu, majiyyata sukan kasu uku. Akwai wanda ya gaza a kan efavirenz ko nevirapine, rajista ta nuna yana karɓar magani a kan lokaci, bai taɓa shan dangin dolutegravir ba, CD4 ɗinsa da sauran ƙarfi. Wannan nasararsa kusan a hannu take, kuma kuskuren da ake yi masa shi ne jinkiri. Akwai na tsakiya: an gano dalilin tsallakewarsa an fara gyarawa, ko yana maganin tarin fuka, ko lambarsa ta haura 100,000, ko CD4 na ƙasa da 200. Shi ma ana sa ran nasara, amma da ganin sa kowane wata da haɗa shi da mai tallafa masa a gida. Sai na uku: ba a gano dalili ba, ko an gano yana nan daram, takardar bijirewa fes, alƙawuran asibiti a warwatse. Sauya masa magani zuwa haɗin da ya fi yawan ƙwayoyi da illa, kamar lopinavir sau biyu a rana da gudawarsa, ƙara masa dalilin dainawa ne. Aikin da ke gabansa na shawara ne da tallafi, har da kai masa magani ko sa wani ya riƙa ganin ya haɗiye idan ya yarda.

Akwai manhajojin kwamfuta da aka horar da dubban bayanan sauyin magani domin yin wannan hasashe. Ɗaya daga cikinsu ita ce HIV-TRePS da ƙungiyar RDI ta Ingila ta ƙirƙira, wadda aka tsara ta karɓi yawan ƙwayar cuta da CD4 da tarihin magani, da sakamakon gwajin bijirewa in akwai, ta ba da yiwuwar nasarar kowane haɗi. Suna da amfani wajen kwatanta haɗi biyu ko uku ga mai dogon tarihi. Iyakarsu ita ce abin da aka shigar musu: tarihi mai giɓi yana ba da amsa mai giɓi, kuma ba su san cewa majiyyacin yana ɓoye kwalbar maganinsa a wurin aiki ba.

Mataki na takwas: a gwada hasashen bayan an sauya

A rubuta ranar sauyi da yawan ƙwayar da aka fara da shi. A ga majiyyacin bayan mako 2 zuwa 4 domin illa da yadda yake sha, tunda a nan ne masu dainawa ke dainawa: rashin barci da ciwon kai a kan dolutegravir, ɗorawar ido a kan atazanavir wadda ke tsorata mutum in ba a gaya masa tun farko ba, gudawa a kan lopinavir, kasala da ƙarancin jini a kan zidovudine. Haɗin da ke aiki yakan rage ƙwayar aƙalla ninki goma cikin wata na farko, ya kwantar da ita cikin wata 3 zuwa 6, dolutegravir ma ya fi sauri. Jadawalin da aka saba shi ne gwaji a wata na 6 da na 12 sannan duk shekara, amma ga rukuni na biyu da na uku, da mai ciki, gwaji a wata na 3 ya fi, domin yana kama matsala tun ƙwayar ba ta taɓa sabon maganin ba. Mai ciki kuma a sake auna ta a mako na 34 zuwa 36, saboda sakamakon ne ke nuna irin kariyar da za a ba jariri.

CD4 yakan biyo baya a hankali, musamman ga wanda ya faɗi ƙasa sosai ko mai yawan shekaru. Muddin ƙwayar a kwance take, jinkirinsa ba dalilin sake sauya magani ba ne. Idan kuwa a wata na 6 lambar na sama da 1,000, a koma mataki na uku da na huɗu tun daga tushe, a sake gwaji bayan wata 3, sannan a nemi gwajin bijirewa mutum yana kan maganin kafin a yi maganar sahu na uku. Idan an tabbatar da bijirewa ga dangin dolutegravir kuma ana son ci gaba da shi, ana ba da miligram 50 sau biyu a rana. Darunavir ma, ga mai sauye-sauyen da suka taɓa shi, yana komawa miligram 600 tare da ritonavir (mai ƙara masa ƙarfi) 100 sau biyu a rana maimakon 800 da 100 sau ɗaya. Irin wannan haɗin kwamitin ƙwararru ke tsara shi, a aika musu da cikakken tarihin magani, da duk sakamakon yawan ƙwayar cuta da ranakunsu, da rajistar karɓar magani ta shekarar da ta gabata.